Rufin Fata a Ƙasar Ruwa

Bari in rage wa masu gulma aiki tun daga farko: wawan wannan labari ni ne. Ba Nasaran ba, ba yayana ba, Allah ya jiƙansa. Ni ne, Sidi, wanda ya yi shekara uku a lakwal, makarantar Nasara, ya fito yana ganin ko kumandan bai fi shi sanin duniya ba. Shekara ukun ma, ɗaya a bakin ƙofa na yi ta, don malamin ya ce in ina ciki ba ya jin muryar kansa. Amma a duk zuriyarmu ni kaɗai nake ce wa Nasara bonjur ya amsa, saboda haka unguwa ta sa mini Mushe Sidi, irin kiran da ake wa Nasara. Wasu da gaske suke, yawanci ba'a suke mini, ni kuwa duka na karɓa hannu biyu. An ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Nawa ƙuƙumin ba wuyana kaɗai ya shaƙe ba.

A shekarun farko ne bayan mun karɓi ƙasarmu, sabuwar tuta ko koɗewa ba ta yi ba. Nasaru na ta ɗaure kaya. Cikinsu akwai wani dattijo, Mushe Farnan, wanda ya daɗe yana aiki a gidan waya na Agadas. Mutum ne marar faɗa, ba mata, ba 'ya'ya, ba wani buri sai kallon tsuntsaye da zana su a takarda. Ta hamada ya shigo ƙasar nan, kuma duk zamansa bai taɓa wuce Tawa ba. Da lokacin komawarsa ya yi, ya ce shi ba zai hau jirgin sama ba. Ya sayi wata tsohuwar kamiyo, babbar motar kaya, ya ce a gina masa ɗaki a bayanta, irin motar da masu hali a ƙasarsu ke kwana ciki suna yawon ganin duniya. Zai gangara a hankali har Kwatano, bakin teku, yana tsayawa duk inda ya ga tsuntsu, can ya shiga jirgin ruwa. Motar kuwa zai bar wa waɗanda suka raka shi.

Mu biyu ya ɗauka. Yayana Ilo shi ne shofer, mai tuƙi. Ya yi kaka biyu yana jan gyaɗa daga Maraɗi zuwa Paraku, ya san hanya, ya san mota kamar yunwar cikinsa, sai dai ko kalma ɗaya ta Faransanci ba ya ji. Ƙirjinsa kuma ba mai ƙwari ba ne, tun yana bin babanmu ayarin gishiri zuwa Fachi sanyi ya yi masa sheƙa a ciki. Ni kuma aka ɗauke ni don aikin katako da tafinta. Aiki ya yi wuya a gari lokacin, muka ce in motar ta zama tamu mun haye.

Na gina ɗakin, kuma ba yabon kai ba, ya ginu. Gado, teburi, taga biyu, har da wurin rataye hula. Saura rufi.

Ranar da za a yanke maganar rufin muna tsaye mu uku a farfajiyar garaji. Abu uku ke gabanmu. Ga kwano, wanda masu lakwal ke ce wa tol. Ga bash, ƙaton ƙyallen nan mai kauri da ake lulluɓe kayan kamiyo da shi. Ga kuma wata fatar akuya da ni na zo da ita a hammata, jemammiya, an shafe ta da man shanu da jar ƙasa, irin wadda matan Buzaye na wajen Ingal ke ɗinka laima da ita.

Bash dai mun sallame shi da wuri, don iska na yaga shi, rana na cin sa. Ya rage kwano da fata.

Yaya ya ƙwanƙwasa kwanon da yatsa ya ce, "Gaya masa wannan. A sa katako da tabarma daga ƙasa don zafi, amma kwano a sama."

Na ce, "Haba Yaya! Kwano a tsakiyar bazara? Gasa bawan Allah za mu yi? In mun isa Tawa sai dai a barbaɗa masa yaji."

"Sidi, ni na ga ruwan can. Ba irin namu ba ne da ke zuwa ya gaishe mu a tsaye ya wuce. Na can zama yake, ya cire takalmi, ya tambayi tuwo."

"Buzaye shekara nawa suna kwana ƙarƙashin fata? Ka taɓa jin ruwa ya ci Buzu a laimarsa?"

"Ka taɓa ganin Buzu ya kafa laima a Dahome?"

Mushe Farnan na kallon bakinmu. Shi dama duk abin Buzaye yana sa shi rawar jiki, tun da ya ga fatar yake shafa ta kamar mage. Ya tambaye ni me babba ya ce, tunda shi ya san hanya. A nan ne Shaiɗan ya zauna a kan harshena ya miƙe ƙafa. Na ce masa, "Ya ce très bien." Wato ya yi kyau ƙwarai. Mushe ya tafa hannu, ya dafa kafaɗar Yaya yana murna. Na juya na ce wa Yaya, "Na faɗa masa, ya ƙi. Ka san Nasara da taurin kai."

Yaya ya ce, "To. Mai abu da abinsa."

Me ya sa na yi haka? Na daɗe ina tambayar kaina. Kwano kowane makaho ya iya kafawa. Ni so nake a ce a Agadas an yi mutumin da ya fara yi wa mota rufin fata.

Fatu arba'in matan Buzayen suka haɗa, suka ɗinke da tsinken fata, na ɗaura a kan bakan ƙarfe, na ja ta yi tsantsan kamar ganga. Don in rufe bakin masu gardama na tara jama'a na yi gwaji irin na masana: na hau sama na zuba guga uku cur. Ko ɗigo bai shiga ba. Guga uku kuwa ai ruwan shekarar Agadas ke nan, har da na sadaka. Inda babu ƙasa nan ake gardamar kokawa.

Hajara, matar Yaya, ta kawo mana abinci ranar. Ni da ita akwai wasan nan na ƙanin miji, kullum sai mun taɓa. Ta zagaya motar tana toshe hanci ta ce, "Mushe Sidi, wannan motar mutane ce ko ta awaki? In ta yi kuka a hanya ku ba ta dusa." Aka yi dariya, har da ni.

Sallama ba zan tsaya a kanta ba. Kowa ya san yadda ake yi.

Daga Ingal zuwa Tawa ni ne sarki. Rana na tafasa ƙwaƙwalwa a waje, cikin ɗakin kuwa kamar gindin randa. Duk inda muka tsaya sai an taru. Masu kamiyo su sauko daga tanderunsu gumi na tsiyaya, su leƙa ciki, su ce wa ya yi wannan dabara? Ni kuma in gyara hula in yi gyaran murya. Mushe ya fara kirana anjiniya. Shi yana kwana a gadonsa, mu muna shimfiɗa a ƙarƙashin mota a kan yashi, kamar yadda muka saba. Har Doso haka. In na tsokani Yaya na ce, "Ina kwanon naka?" sai ya ce, "Ba mu isa ba tukuna."

A Gaya na fara ganin ruwan da ba a jawo shi da igiya ba, kogi shimfiɗe har ido ya gaji. Muka haye gada muka shiga Dahome. A Malanbil hadari ya haɗu da la'asar, aka yi ruwa na ɗan lokaci, ya ɗauke. Fata ta riƙe. Na fito ina taka rawa a cikin taɓo, ina cewa, "Wannan ne baƙon da ke tambayar tuwo?" Yaya bai kula ni ba. Sama yake kallo ta kudu, inda ta yi baƙi kamar gindin tukunya.

A Kandi baƙon ya iso.

Ya fara da hantsi. Azahar ta yi ana yi, la'asar ana yi. Gari ya waye ana yi. Ni da na tashi a garin da in an yi ruwa mata ke guɗa, tsofaffi su fito su tsaya a ciki don albarka, ban taɓa sanin ruwan sama na iya zama azaba ba. Ranar farko fata ta sha ta yi nauyi. Rana ta biyu ta saki, ta zazzago tsakanin bakan ƙarfen, kowane gurbi ya zama salka cike da ruwa a rataye bisa kanmu. Sai ɗinki ya fara kuka. Ba ma ruwa fari ba, ja, don jar ƙasar da aka shafa ta narke. Ya ɗiga a gado, ya ɗiga a garin tuwo, ya ɗiga a kan takardun tsuntsayen Mushe, aikin shekara da shekaru, duk suka zama kamar an yanka su. Dattijon ya riƙe su yana kallo. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Da ruwan ya tsagaita na ce to, yanzu rana za ta busar. A garinmu ka wanke riga, kafin ka gama alwala ta bushe. Can iskar kanta jiƙaƙƙiya ce. Fatar ta ƙi bushewa, ta yi funfuna kore, man shanun ya ruɓe. Wari ya tashi wanda ko majemi ba zai zauna kusa ba. Ƙudaje suka yi mana rakiya, karnukan kowane ƙauye suka riƙa bin mu kamar masu biki.

Mushe ya kwashe bargonsa ya koma gaban mota, inda rufin ƙarfe yake. Ƙarƙashin mota kuma ya zama kududdufi. Saboda haka fadar da na gina ta dawo hannunmu, ni da Yaya. Wuri ɗaya ne a ciki ba ya zuba, wani lungu bayan ƙofa, daidai kwanciyar mutum ɗaya in ya naɗe ƙafa. Yaya ya tura ni can.

Na ce, "A'a Yaya, kai ke da ƙirji."

Ya ce, "Kai ne anjiniya. In ka jiƙe wa zai gyara mana?"

Na san ba'a ce. Amma na shiga lungun. Wannan ma a rubuta a cikin laifuffukana.

Kafin mu isa Paraku tari ya kama shi, irin mai fitowa daga can ƙasa. A Paraku akwai kwano a kasuwa jibge. Yaya ya ce, "Sidi, don girman Allah ka je ka sayo, mu yaye wannan mushen." Mushe ma ya yarda. Na tafi da niyyar kwano, Allah shi ne shaida.

A bakin kasuwa wani mutum ya tare ni, mai farar riga da zaƙin baki. Ya ji Hausata ya rungume ni, wai shi ma ɗan Agadas ne ta wajen kakarsa, har ya tambaye ni ko hasumiyar masallaci na nan tsaye. Wata guda ban ji an ambaci garinmu ba, sai da idona ya kawo ruwa. Na kwashe labari na ba shi. Ya bi ni ya ga motar, ya riƙe baki.

"Ɗan'uwa, wannan aikin za ka yaye? Wallahi ko a Faransa ba a yi irinsa ba. Gudron kawai take so, baƙin man nan da ake shimfiɗa hanya da shi. Shafa ɗaya, ko kogi ka shiga ba ta zuba."

Wanda ya yabi ɗanka ai ya gama da kai. Na karɓi garwa biyu a hannunsa. Na ce wa Yaya kwanon kasuwar duk mai tsatsa ne. Ya dube ni, ya yi tari, ya juya kai. Na hau na shafe fatar tas, ta yi baƙi tana ƙyalli, muka kama hanya.

Ba mu yi nisa ba ruwa ya sauko. Ashe ba gudron ba ne, ƙonannen man mota ne aka dama da gawayi. Da can ja ke ɗigo mana, yanzu ja da baƙi.

Muka fake a wani ƙauye, a rumfar makaranta. Malamin wurin ɗan Dahome ne, yana jin Faransanci na gaske, ba irin nawa ba, yana kuma jin Hausa don ya yi zama a Gaya. A nan Mushe Farnan ya fashe, karo na farko. Yana magana yana nuna Yaya. Ni na ji abin da yake cewa, na yi fatan ƙasa ta tsage. Malamin, da yake mai son gyara ne, ya juya ya fassara.

"Ya ce shi bai ga laifin ƙaramin ba, don bai san kudu ba. Kai babba da ka san hanya, ya tambaye ka tun a Agadas, ka ce fata ta yi kyau ƙwarai. Me ya sa ka cuce shi?"

Yaya ya daɗe yana kallona. Ruwa na dukan rumfa. 

Sai ya ce wa malamin, "Ka ce masa ya yi haƙuri. Kuskure ne."

Da muka koma mota ya tayar da ita, ya yi tafiya mai nisa. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ashe Faransancin naka har juya magana yake yi." Iyakar abin da ya faɗa ke nan a kai.

Komawa Paraku ba ta yiwu ba, ranar jirgin Mushe ta matso, hanya kuma ta lalace a bayanmu. Gaba kaɗan motar ta kafe a taɓo har gindi. Ni da Mushe ba wanda ya san yadda ake fid da ita. Yaya ne ya kwanta cikin laka ruwa na dukansa, yana tona, yana cusa rassan da nake saro masa. Rabin yini muka yi. Da ta fito ya miƙe zai hau, ƙafarsa ta ƙi. Na taɓa jikinsa, kamar garwashi. Daga ranar Mushe ya karɓi tuƙi, Yaya na jingine a gefensa, ni ina baya cikin aikin hannuna.

Kusa da Sabe muka tsaya neman ruwan zafi. Wata mata ce ke sayar da koko a bakin hanya, gajeriya, mai tsage a kumatu. Ba ta jin Hausa, ba ta jin Faransanci. Ta leƙa ta ga Yaya, ta leƙa baya ta ga inda yake kwana, sai ta juyo kaina. Ban san yarenta ba, amma zagi ba ya bukatar tafinta. Ta yi mini wankin babban bargo, sannan ta kira wasu maza biyu suka ɗauke shi zuwa ɗakinta. Ta kwantar da shi kusa da murhu, ta cire masa jiƙaƙƙun kaya ta lulluɓe shi da zanenta, ta shafe ƙirjinsa da man kaɗanya, ta riƙa ɗura masa romo mai barkono. Kwana biyu muka yi. Mushe na duba agogo amma bai ce a tashi ba. Da za mu tafi ya miƙa mata abin hannu, ta ture. Sai ta nuna ɗaya daga takardun tsuntsayen da aka shanya a gefen murhu, wani zalɓe da jar ƙasa ta ɓata. Shi ta ɗauka, ta soke a bango. Har yau ban san sunanta ba. Ina sa ta a addu'a da "mai koko," na san Allah ya gane wadda nake nufi.

Yaya ya ɗan farfaɗo, har ya yi mini ba'a a hanya. Na ɗauka an tsira.

Kwatano. Mutane na ta ba ni labarin teku, ni kuwa da na gan shi haushi ya ba ni. Ruwa a sama, ruwa a ƙasa, ga kuma wani an tara ba iyaka. Muka wuce da Yaya gidan likita. Likitan ya sa abin saurare a bayansa, ya daɗe, ya ce huhun duka biyu sun kamu, an makara, amma za a gwada allura. Aka gwada kwana biyar.

Ranar jirgi Mushe Farnan ya zo har bakin gadon. Ya riƙe hannun Yaya, ya yi magana mai tsawo hawaye na bin gemunsa. Yaya ya dube ni ya ce, "Me ya ce? Ka faɗi daidai wannan karon." Na saurara iyakar ƙarfina, na ga kalmomin sun fi ƙarfin shekara ukuna. Na ce, "Wallahi Yaya ban gane ba." Ya yi murmushi ya ce, "Yau ka yi tafinta na gaskiya." Mushe ya danƙa mini mabuɗin mota ya fita. Ban sake jin labarinsa ba.

Yaya ya ce shi a fid da shi, ba ya son ya cika a inda ba mai yi masa kalmar shahada da harshen da yake ji. A zango, unguwar baƙi 'yan arewa, wani tsoho, Malam Gado, mutumin wajen Tawa da ya shekara talatin can yana sayar da goro, ya ba mu zaurensa. Bai san mu ba, bai tambayi komai ba, ya ce, "Baƙo na Allah ne, ku shigo da shi."

Kwana uku Yaya ya yi a zauren. Ba ya iya cin komai. Sai ya riƙa lissafa abin da yake marmari: cuku busasshe, dabinon Fachi, fura da nonon akuya. Ya ce, "Ka san abin da na fi so? In zauna a kan yashi mai zafi da rana tsaka, har ya ƙona ni." Na zaga zango kaf ina neman dabino, na samo guda biyar a wajen wani Balarabe, duk sun yi laushi don damshi. Ya tsotsi ɗaya ya ce, "Har shi ma ƙasar nan ta karya shi."

Rana ta uku bayan azahar na durƙusa a gabansa na ce, "Yaya, ka yafe mini. Ni na kashe ka."

"Kai wane ne da za ka kashe mutum? Ko kaza ba ka iya yankawa daidai ba." Ya yi tari, ya huta. "Na yafe. Amma ka ji: in ka koma gida kar ka tsaya dogon bayani. Ka ce ruwan ƙasar ne. Inna ta tsufa, ba za ta iya rasa mu biyu ba, ɗaya a kabari ɗaya a bakin mutane."

Kafin la'asar ya cika.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kabarin. A garinmu sai an sha wuya da diga kafin ƙasa ta buɗe, amma in ta buɗe busasshiya ce, mai tsabta, kamar ɗaki. Can ana haƙa kamu biyu ruwa ya fara tsattsafowa. Masu haƙa ba su damu ba, sun saba. Ni na shiga ramin da ƙwarya ina kwarfewa, ina kwarfewa yana dawowa. Malam Gado ya ce, "Ɗana, fito. Haka muke binne namu, ƙasa duk ta Allah ce." Aka shimfiɗa ganyen kwakwa aka kwantar da shi a kai. Mutumin da ya roƙi yashi mai zafi. Muna mayar da ƙasa aka soma yayyafi.

Washegari na ɗauki wuƙa na hau motar na yanke fatar. Tsutsa ce fal a cikin ɗinkin. Ban iya tuƙi ba, ban kuma iya kallon motar ba, na bar wa Malam Gado ita a ƙofar gida. Na rubuta takarda gida da ɗan abin da na iya, na ba wani mai kamiyo. Ni kuwa na kasa bin takardar. Na shiga dako a tashar jiragen ruwa, ina ɗaukar buhu tare da mutanen da ba mu jin maganar juna. Damina biyu na yi. Duk ranar da hadari ya haɗu sai in rasa inda zan sa kaina. Masu dakon suka riƙa dariya, wai ga ƙato yana tsoron ruwa.

Sai da saƙo ya zo cewa Inna na tambayata kullum sannan na hau kamiyon gishiri na dawo. Inna ta rungume ni ta yi kuka, na faɗa mata abin da Yaya ya ce in faɗa, ta ce Allah ya sa ya huta. Maza a masallaci ma haka. Kowa ya karɓa. Har na fara jin maganar ta zauna mini a baki.

Hajara ta gama takaba tuni, ta koma gidan mahaifinta da 'ya'yanta mata biyu. Kwana huɗu ina kewaye ƙofar kafin na shiga. Na same ta a inuwa tana saƙar tabarma. Ta rame. Ta amsa sallama, ta tura mini tabarma da ƙafa, ba ta ce Mushe Sidi ba, ba ta ce komai ba. Shirun ya yi mini nauyi, ni kuma in shiru ya yi nauyi baki nake buɗewa, halin da ya kore ni daga lakwal.

Na gyara zama na fara wa'azi. Na ce kowane rai da ranarsa. Na ce ko a kan gadonsa yake in wa'adi ya yi sai ya tafi. Na ba ta labarin likita da allurai, da mai koko, da irin mutanen da suka yi masa salla. Na ce, "Ke dai ba ki ga ruwan ƙasar nan ba, Hajara. Ba a taɓa yin irinsa ba. Kwana da kwanaki, sama kamar an ɓarke ta. Wa ya isa ya tare ruwan Allah? Ruwan ne ya ci shi, ba wani abu ba."

Hannunta bai tsaya da saƙa ba. Ta ja kaba ɗaya, ta soke, ta ƙulle, sannan ta ɗago ta dube ni.

"Ruwa kam na Allah ne, Sidi. Rufin fa, na wa?"